Neman Malamin Hidima Domin Yaro Mai Tawaya

Gabatarwa

A cikin ma'aikatan asibitocin ƙasar nan akwai waɗanda Bahaushe ya daɗe da saninsu har ya raɗa musu suna. Ya san likita, ya san malamin jinya, ya san ungozoma, ya san malamin da ke miƙo magani ta taga. Ya kuma san malamin gashi, watau wanda ke motsa gaɓoɓin mutumin da ya karye ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Amma akwai wani ma'aikaci guda wanda har yanzu bai sami tsayayyen suna a bakin Hausawa ba, alhali kuwa akwai yara masu yawa, birni da ƙauye, waɗanda da sun haɗu da shi da wuri, da rayuwarsu ta sake kama ƙwarai. A Turance ana kiran aikinsa okufeshinal terafi, ma'aikatan asibiti kuwa sukan taƙaita su ce O.T. A Jamhuriyar Nijar, inda Faransanci ne harshen asibiti, ergoterafi ake cewa.

Rashin suna ba ƙaramar matsala ba ce. Abin da ba shi da suna ba a iya tambayarsa a bakin ƙofar asibiti, ba a iya ba maƙwabci labarinsa, ba a kuma iya kai kuka gaban hukuma a ce babu shi. Magidancin da ya ga ɗansa ya shekara 4 bai iya kai loma bakinsa ba, zai ce yana neman likitan yara, ko likitan ƙashi, ko masu gashi, domin su ya sani. Kowannensu zai yi nasa aikin ya sallame shi, yaro kuwa ya koma gida har gobe sai an ba shi a baki. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana ko wane ne wannan ma'aikaci, da irin yaran da ke bukatarsa, da hanyar da magidanci zai bi ya same shi a yankinsa, da kuma abin da za a yi in an nema an rasa.

Suna da Ma'anarsa

Waɗanda suka fara fassara sunan sun ɗauki kalmar Turancin a kan ma'anarta ta sana'a, sai aka riƙa cewa sashen koyar da sana'a. Suna da hujja, domin a asibitocin masu taɓin hankali, inda jama'a suka fi ganin wannan sashe, abin da baƙo zai tarar shi ne majinyata suna saƙa, ko ɗinki, ko aikin katako. Sai dai fassarar ta ɓad da mutane da yawa, domin kuwa uwar yaro ɗan shekara 2 ba za ta ga abin da ya haɗa ɗanta da koyon sana'a ba. Abin da masu wannan fanni suke nufi ya fi sana'a faɗi. Suna nufin duk abin da mutum ke cika yininsa da shi tun daga farkawa har zuwa kwanciya: ci da sha, wanka, tsarki, alwala, sa tufafi, wasa, karatu da aiki. Hausa tana da kalma mai kusa da wannan, ita ce hidima, kamar yadda akan ce hidimomin yau da kullum. Saboda haka a cikin wannan lacca za a kira shi malamin hidima, watau malamin da ke koya wa mutum yi wa kansa hidima. Ba a ce sunan ya zauna ba. Jama'a ce ke zaunar da suna, ba malaman jami'a ba.

Fannin bai tsufa ƙwarai ba. A shekarar 1917 ne aka kafa ƙungiyarsa ta farko a wani gari mai suna Clifton Springs cikin Jihar New York ta Amurka, kuma Yaƙin Duniya na Farko ya ba shi ƙarfi, sabili da sojojin da suka komo gida da raunuka suna bukatar wanda zai sake koya musu amfani da hannuwansu. A 1952 aka kafa ƙungiyar duniya ta masu wannan aiki. A Nijeriya kuwa, ta hannun wasu Turawan Ingila ya shigo a shekarun 1950, a asibitin koyarwa na Ibadan. Amma an yi shekaru wajen hamsin babu inda ake horar da ma'aikatansa sosai a cikin gida, sai wanda ya sami zarafin fita waje. Sai a farkon shekarun 2000 Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ta fara ba da digiri a kansa, Gwamnatin Tarayya kuma ta buɗe makaranta a Oshodi cikin Legas domin horar da masu matsakaicin ilimi. Wannan tarihi shi ya sa har yanzu ma'aikatan 'yan kaɗan ne, galibinsu kuma suna can kudu maso yamma inda aka horar da su. Wanda zai neme su a Arewa ya kamata ya san haka tun daga farko, don kada ya karaya in bai dace a ƙofar farko ba.

Abin da Yake Yi

Za a fi gane aikinsa idan aka gwada shi da na abokan aikinsa. A ɗauki misalin yaro ɗan shekara 5 wanda hannunsa na dama da ƙafarsa ta dama suka ƙage tun yana jariri. Likitan yara zai binciko musabbabin abin, in akwai farfaɗiya ya rubuta magani. Malamin gashi zai miƙar da gaɓoɓin, ya koya masa tsayuwa da tafiya. Malamin magana zai duba furucinsa da yadda yake haɗiya. Shi kuwa malamin hidima tambayoyinsa dabam ne. A ina yaron yake zama in za a ci abinci? Wa yake ba shi? Da hannu ko da cokali? Wa yake kai shi bayan gida? Yana fita wasa da sa'o'insa, ko kuwa a ɗaki yake yini? An sa shi makaranta?

Waɗannan tambayoyi suna da nauyi na musamman a gidan Bahaushe, domin hidimomin gidan suna da nasu tsari wanda littattafan Turawa ba su san da shi ba. Da hannun dama ake cin tuwo, da hagu ake tsarki, kuma yaron da ya miƙa hagu cikin kwano yakan sha tsawa, a ce masa bahago. To, yaya za a yi da yaron da damarsa ce ta ƙage? In an hana shi hagu an hana shi ci da kansa ke nan. In an bar shi da hagu kuma, da ita zai ci, da ita zai yi tsarki. Malamin hidima na ƙwarai ba zai yi watsi da al'adar gidan ba, ba kuma zai bar yaron da yunwa domin ta ba. Zai iya naɗa tsumma ko roba a mariƙin cokali har ya yi kauri yadda hannun da ya ƙage zai iya damƙarsa. In hakan ya faskara, sai a koya wa yaron ci da cokali a hagu, a kuma tsananta wanke hannu da sabulu. Malaman addini sun sha bayyana cewa mai uzuri ba a ɗora masa abin da ba zai iya ba, kuma jin wannan daga bakin malamin unguwa yakan kwantar da hankalin kaka fiye da duk bayanin asibiti.

Haka nan batun bayan gida. Masai na tsuguno yana bukatar ƙafafu masu ƙarfi da jiki mai daidaito, sa'an nan a riƙe buta da hannu ɗaya a yi tsarki da ɗayan. Yaron da ba ya iya tsuguno sai a yi masa kujera 'yar tsuguno mai rami a tsakiya, a kafa masa ƙarfe ko sanda a jikin bango ya riƙa dafawa. Wando mai tazuge, wanda ɗaurinsa ke bukatar hannu biyu, sai a zare tazugen a sa roba. Riga mai maɓalli a sake ta da mai faɗin wuya, a koya masa fara zura hannun da ya ƙage kafin mai lafiyar. A makarantar allo, alƙalamin kara siriri ne, sai a kaurara shi kamar yadda aka yi wa cokali, a kuma jingina allon a kan abin da zai tsayar da shi. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba magani ba ne, amma su ne ke raba yaron da za a yi wa hidima har ya girma da wanda zai yi wa kansa.

Babbar hidimar yaro kuwa ita ce wasa, kuma ta hanyar wasa malamin ke shigar da yawancin darasinsa. Baƙon da ya leƙa ɗakin aikinsa ya ga ana jefa ƙwallo ana zura duwatsun ado a zare, zai iya cewa ɓata lokaci ake yi. Ba haka ba ne. Tuwon ƙasa yana ƙarfafa tafin hannu, 'yar carafke tana haɗa ido da hannu, tafin gaɗa yana tilasta wa hannu biyu aiki tare, ɓarar gyaɗa da tsintar tsakuwa cikin wake suna horar da ɗan yatsa da babban yatsa, waɗanda su ne za su riƙe fensir gobe. Akwai ma wata dabara da bincike ya tabbatar da amfaninta ga yaran da ɓari guda ya ƙage, watau a sa wa hannu mai lafiya safa na wani ɗan lokaci ana cikin wasa, don yaron ya koma ga hannun da ya yi watsi da shi. Amma wannan ba a yin ta sai da jagorancin wanda ya san aikin.

Yaran da Ke Bukatarsa

A da, in an yi maganar naƙasar yara a ƙasar Hausa, shan inna ke fara zuwa a rai. An yi nasara a kan wannan: a 2016 aka ga na ƙarshe da ƙwayar cutar ta asali ta kama, a Jihar Barno, kuma a watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shaidar cewa Afirka ta rabu da ita, ko da yake rigakafi bai tsaya ba. Yaran da suka fi cika benci a sashen gashi a yau su ne waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta sami lahani kafin haihuwa, ko wajen haihuwa, ko jim kaɗan bayanta, abin da ke sa jiki ya ƙage ko ya saki. A duniya ana samun irinsu kimanin 2 zuwa 3 a cikin kowace haihuwa 1,000, kuma adadin ya fi haka a ƙasashe matalauta. Sanadin da aka fi gani a nan su ne doguwar naƙuda wadda jariri ke fitowa bai yi kuka ba, da shawarar jarirai mai tsanani a makon farko, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa. Game da shawara, ya kamata a faɗa ko da a gurguje cewa akwai jariran da jininsu ba ya jure kafur ɗin da ake sa wa kayan jarirai cikin akwati, ba ya kuma jure lalle, kuma jaririn da idonsa ya yi ɗorawa asibiti yake bukata a ranar, ba shanya a hantsi ba.

Ban da waɗannan akwai yaron da aka ja hannunsa wajen haihuwa jijiyar kafaɗa ta taɓu, da mai ciwon sikila wanda ya sami shanyewar ɓarin jiki, da wanda ya faɗa wutar jin ɗumi da hunturu fatar yatsunsa ta haɗe wajen warkewa. Akwai kuma yaran da gaɓoɓinsu lafiya lau, amma ba sa kallon ido, ba sa wasa da yara, ƙarar injin markaɗe ko taɓin wani irin yadi yakan firgita su, watau masu lalurar da kafofin watsa labarai ke kira galahanga.

Alamun da za su sa a fara nema ba ɓoyayyu ba ne. Jariri ya kai wata 4 wuyansa bai tsaya ba, ko ya kai wata 6 hannunsa na dunƙule kullum, ko ya kai wata 9 bai zauna ba, ko ya kai wata 18 bai taka ba. Wata alama da iyaye kan ɗauka wayo ce ita ce jariri ya zaɓi hannu guda yana amfani da shi tun bai shekara ba. Yaro mai lafiya ba ya zaɓen hannu da wuri haka, saboda haka lalle ne a duba ɗayan.

A nan ne kuma ake asarar lokaci mafi tsada. Za a ce nauyin ƙafa ne, babansa ma haka ya yi. Daga nan a je wurin wanzami, a je wurin maɗori, a nemi rubutu da turare. In abin ya yi tsanani har a fara raɗe-raɗin cewa ɗan ruwa ne, watau aljanu sun musanya shi, maganar da ta jawo wa yara marasa laifi da uwayensu wulaƙanci mai yawa. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, asibiti kuma ba ya hana addu'a. Abin da ke cutarwa shi ne jira, domin a shekarun farko ne ƙwaƙwalwar yaro ta fi saurin buɗe sababbin hanyoyi a madadin waɗanda suka lalace, kuma gaɓar da aka bari a lanƙwashe shekara da shekaru takan ƙafe a haka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Hanyar Nema

Ba kasafai ake samun malamin hidima da allo a bakin titi ba. Ta cikin asibiti ake isa gare shi, kuma takarda ce ke buɗe ƙofa. Matakin farko shi ne asibitin da ya fi kusa, ko da na awon jarirai da rigakafi ne. A gaya wa ma'aikaci abin da aka gani filla-filla, a nemi takardar turawa zuwa ga likitan yara a babban asibiti. A asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Sakkwato, da Maiduguri, da Jos, akan ware rana a mako domin yara masu lalurar jijiya da ƙwaƙwalwa. In an shiga wurin likita, kada a tsaya a kan magani kawai. A tambaye shi kai tsaye ko yaron yana bukatar O.T., in ya ce yana bukata, a roƙe shi ya rubuta a takarda ya kuma faɗi inda ya saba turawa. Likita yana ganin yara da yawa a yini, abin da ba a tambaya ba sau da yawa ba ya faɗa.

Ƙofa ta biyu, wadda ta fi kowace saurin kai mutum ga biyan bukata, ita ce sashen gashi. Malaman gashi sun fi yawa nesa ba kusa ba, kusan kowane babban asibitin jiha yana da su, kuma hukuma ɗaya ce ke yi musu rajista tare da malaman hidima. Sun san juna, a wasu asibitocin ma ƙofa da ƙofa suke. Malamin gashin da ke duba yara, in babu malamin hidima a asibitinsa, da wuya a ce bai san inda mafi kusa yake ba.

Ƙofa ta uku ita ce asibitocin da wannan fanni ya fi daɗewa a cikinsu, watau na ƙashi da na ƙwaƙwalwa. Tsofaffin asibitocin ƙashi na tarayya uku ne, na Dala a Kano wanda aka buɗe a 1959, da na Igbobi a Legas, da na Inugu. Na ƙwaƙwalwa kuwa a Arewa akwai na Barnawa a Kaduna, da na Kware kusa da Sakkwato, da na Maiduguri. A nan akwai abin da ke hana iyaye da yawa, shi ne tsoron kada a gan su da ɗansu a asibitin da jama'a ke kira na mahaukata, maganar ta bi yarinya har lokacin aurenta. Tsoron ba na banza ba ne, kowa ya san bakin mutane. Amma wanda ya auna surutun unguwa da hannun ɗansa, ya san wanda ya fi nauyi. Sai dai a lura, malamin da ya saba da manya masu taɓin hankali ba lalle ne ya ƙware a kan yara ba. A tambaye shi, kuma na kirki zai faɗi gaskiya ya nuna wanda ya fi shi.

Akwai kuma hanyar da ba ta cikin tsarin asibiti amma ta fi wasu aiki, ita ce bencin jira. Matan da suka shekara suna kawo 'ya'yansu gashi sun san wa ya iya, wa ke da haƙuri, wace rana ake samun wane, wane kafinta ne ya iya kujera. Malaman makarantun yara masu bukata ta musamman, irin ta Tudun Maliki a Kano, su ma sukan san inda za a dosa. A manyan birane kamar Abuja da Kaduna da Kano an sami cibiyoyi masu zaman kansu, wasunsu har gida suke zuwa, sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci.

Ma'aikacin gwamnati da ke cikin inshorar lafiya, wadda ta fara aiki a 2005 aka kuma sake mata doka a 2022, ya tuna cewa ba a tsallake asibitin da aka yi rajista a tafi babba sai da izinin turawa. Ya nemi a bayyana masa a rubuce ko inshorar ta ɗauki wannan aiki, da kuma zuwa nawa ta ɗauka. Wanda zai taso daga nesa kuma, daga Gumel ko Daura ko Azare, ya tabbatar ta waya cewa malamin yana nan kafin ya biya kuɗin mota, domin sashen da mutum ɗaya ke riƙe da shi, ran da ya tafi hutu ko aka yi masa canjin wurin aiki, sashen ya rufe ke nan.

Wanda za a tafi da shi ma abin dubawa ne. Galibi uba ne ke riƙe da takardu da kuɗi, shi ke shiga ya yi bayani, alhali bai taɓa ba yaron abinci ba. Malamin hidima ya fi bukatar wadda ke yini da yaron. In ɗan fari ne, mai yiwuwa uwar tana kunyarsa, ba za ta sake ta yi wasa da shi gaban mutane ba, kuma wataƙila ma a hannun kaka ko gwaggo yake. To, ita za a kawo. A zo da katin rigakafi, da kofin da yake sha da shi, da cokalinsa, da rigar da ya saba sawa. A ɗauki ɗan hoton bidiyo a waya lokacin da yake ci ko yake wasa a tsakar gida, domin yaro a baƙon wuri yakan ƙi yin abin da ya iya.

Gane na Ƙwarai

Inda ma'aikata suka yi ƙaranci, 'yan damfara sukan yi yawa. Doka ta 38 ta shekarar 1988 ta kafa hukumar da ke yi wa malaman gashi da na hidima da na magana rajista, wadda ake taƙaita sunanta da MRTB, kuma kowane mai aiki tilas ne ya sabunta lasisinsa shekara-shekara. Ba rashin kunya ba ne a nemi ganin lasisin, musamman ga wanda zai shigo gida. Ana kuma iya tuntuɓar hukumar ta intanet a tabbatar. Ma'aikatan hawa biyu ne: mai digiri, wanda ya yi shekara 5 a jami'a da shekara guda ta sanin makamar aiki, shi ke auna yaro ya tsara abin da za a yi masa, sai kuma mai difloma wanda ke aiwatarwa tare da shi.

Bayan takarda sai hali. Na ƙwarai yana tambaya kafin ya taɓa yaro. Yana zama a ƙasa tare da shi. Ba ya fitar da uwa waje ya rufe ƙofa, sai ma ya kama hannunta ya nuna mata, ya ce ta gwada a gabansa. Yana tambayar iyaye abin da ya fi damunsu, sa'an nan a yanke ƙaramin buri mai ranar dubawa, alal misali nan da wata 3 yaron ya riƙe kofi da hannu biyu ya sha da kansa. Wanda ya ce zai warkar da yaron sarai cikin wata kaza, ko ya zo da maganin sayarwa, ko ya jona wa yaro na'ura ya koma gefe yana danna waya, ko ya riƙa miƙar da gaɓa yaro na ihu yana cewa sai da zafi ake samun sauƙi, a rabu da shi. Lahanin da ya sami ƙwaƙwalwa wajen haihuwa ba ya ƙaruwa, amma kuma ba ya gogewa. Abin da ke ƙaruwa shi ne iyawar yaron.

In An Nema An Rasa

Tilas a faɗi gaskiya, akwai garuruwa da yawa da za a bi duk waɗannan ƙofofi a dawo hannu rabbana. Wani ɓangare na gyaran wannan yana hannun masu sauraron irin wannan lacca. A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a kan dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa, wadda ta tabbatar musu da haƙƙin ilimi da na kiwon lafiya, a 2020 kuma aka kafa hukumar kula da su. Amma doka ba ta koya wa yaro riƙon cokali. Sai jami'in da ke tsara guraben aiki a ma'aikatar lafiya ta jiha ya sa gurbin malamin hidima cikin kasafi, sai hukumar ba da tallafin karatu ta tura ɗalibai su koyo fannin da sharaɗin su komo gida, sai kuma ɗalibin da bai sami gurbin likita ba ya san cewa akwai wannan fage, kuma babu cunkoso a cikinsa.

Kafin wannan ya samu, magidanci yana da abin yi. Tun da yake sa'a guda a mako a asibiti ba ta kai sauran sa'o'in da yaro ke yi a gida ba, zuwa ɗaya mai kyau a wata 3 yana iya wadatarwa, muddin an komo da tsarin aikin gida a rubuce ko a hoto, ana kuma aika wa malamin bidiyo ta WhatsApp yana gyarawa. Malamin gashi mai duba yara zai iya cike giɓi mai yawa a tsakani. Akwai kuma littafin David Werner mai suna Disabled Village Children, wanda ya fito a 1987, cike da zane-zanen kayan da kafintan ƙauye zai iya yi.

Abu biyu ne suka fi gaggawa a gida. Na farko ciyarwa. Ɗura, watau a kwantar da yaro a toshe masa hanci a zuba masa kunu, haɗari ce ga kowane yaro, ga wanda haɗiyarsa ba ta da ƙarfi kuwa tana iya kai kunun cikin huhu. A zaunar da shi tsaye, haɓarsa ta ɗan sunkuya, a ba shi kaɗan-kaɗan a jira ya haɗiye. Da yawansu kunu mai kauri ya fi musu sauƙin haɗiya bisa ga ruwa-ruwa. Kofin roba da aka yanke gefensa guda don hanci ya sami wuri yana sa yaro ya sha ba tare da ya ɗaga kai baya ba. Yaron da ke sarƙewa ko tari duk lokacin cin abinci, a koma da shi ga likita.

Na biyu zama. Goyo yana da amfani ga yaron da ƙafafunsa ke harɗewa kamar almakashi, domin yana buɗe cinyoyinsa, amma yaron da ya yini a baya ko kwance a tabarma cikin ɗaki hannuwansa ba su da aikin yi, idonsa kuma rufin ɗaki kawai yake gani. Yana bukatar wurin zama a tsakar gida inda ake girki ana hira. Ƙaramin yaro ana iya zaunar da shi cikin daro ko kwali mai ƙarfi a tokare shi da zannuwa. Wanda ya girma kuwa sai a kai wa kafinta awonsa ya yi masa kujera mai bango biyu a baya kamar kusurwar ɗaki, da ɗan katako tsakanin cinyoyi don kada ya zame. Ƙugu da gwiwa da idon sawu kowanne ya lanƙwasa sosai kamar na mai zaune a benci, tafin ƙafa ya taka katako kada ya yi lilo, a kuma yi ɗan tebur a gaba daidai tsayin gwiwar hannu, inda za a ajiye kwano ko allo ko kayan wasa. Kada ya wuce sa'a guda a ciki ba a sake masa yanayi ba. Bayan kowane wata 6 a sake gwada shi, domin yaro yana girma, katakon ƙafa kuma sai an sauke shi ƙasa.